Minti Ashirin Ɗin Rakiya

Tun da muka dawo daga Masar ban huta da tambaya ba. A Islamiyya, a gidan suna, har a layin awo: Hajiya yaya Alƙahira, kin ga gine-ginen Fir'auna, me suke ci? Ni kuwa da kuka sani, wadda in na je Ƙaura na dawo sai na yi sati ina ba da labari, sai in ce lafiya lau, in ja bakina in yi shiru. Hajiya Kulu har cewa ta yi ko an yi mini aiki a harshe ne a can. Ba a yi ba. Kunya ce ta riƙe ni. Yau dai zan faɗa gaba ɗaya in huta, kuma sai da na nemi izinin Rakiya kafin in buɗe baki.

Ga wanda bai san mu ba, Rakiya ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, na ba ta shekara bakwai. A Bungudu aka haife mu. Ni aure da aikin koyarwa suka kawo ni Gusau, na shugabanci firamare har na yi ritaya. Ita kuwa Tsafe aka kai ta, gidan Malam Sani mai sayen hatsi a Bilbis. Innarmu ta rasu Rakiya tana da shekara tara, saboda haka ni na yi mata kitso, ni na yi mata faɗa, ni nake amsawa in an yi mata tambaya. Tun tana yarinya ba ta da hayaniya. Ni kuwa Allah Ya yi ni da baki, ban san yadda ake ajiye shi ba.

Malam Sani ya rasu, Rakiya ta yi takaba ta gama, amma ba ta fito ba. Abinci sai an yi da gaske. Barci ya ƙaurace mata. Ɗinkin hula da aka san ta da shi har Gusau, ta ajiye allurar. Kullum ka shiga za ka same ta a kan tabarma ta zuba tagumi, idonta a bango. Kun san mu, ba ma ganin mutum ya yi tagumi mu wuce. Sai in fizge hannun in ce cire, ba kyau. Na kai ta wurin tofi, na kawo rubutu, na yi hayaƙi. Da abin ya ishe ni har na ce mata, "Rakiya ki ji tsoron Allah, a kanki aka fara mutuwar miji? Ni ban yi takaba ba?" Ta ce, "To, Yaya." Amsarta ke nan a kan komai, shekara biyu.

'Yarta Hauwa'u ce ta nace. Tana aure a Alƙahira, mijinta yana karatu a can. Ta ce wannan ciwo ne, sunansa ciwon damuwa, akwai likitocinsa, a kawo mata uwarta. Na ce in dai za a je, ƙafata ƙafarta.

Kwana biyu kafin tafiya na je Bungudu sallamar Gwaggo Tumba, ƙanwar mahaifinmu, ita kaɗai ta rage mana a manya. Na same ta tana tsince gero a faifai. Ta ɗago ta ce, "Wai mi as samu ɗiyar nan ne, da har sai an tahi Masar?"

"Olsa ce, Gwaggo."

Wallahi ban shirya ƙaryar ba, fitowa kawai ta yi. Na ji tsoron in na ce ciwon damuwa, kafin in hau mota Bungudu ta ɗauka cewa 'yar gidan mahaifinmu Malam Hashimu ta taɓu. Gwaggo ta yi addu'a, ta ɗauko ƙullin daddawa da kuka ta ce in riƙa yi mata miyar gida, mai olsa ba ya son abincin baƙi.

Mun bar Gusau da hantsi, don yanzu ba mai bin hanyar nan da duku-duku ko da yamma liƙis. Muka wuce duwatsun Kwatarkwashi, direba ya tsaya a Tsafe muka ɗauki Rakiya da 'yar jakarta guda. Daga nan na fara aikin da na ɗora wa kaina: kada in bar ta ta yi tunani. Na ba ta labarin bikin 'yar Hajiya Kulu, na ba ta labarin kajina, na nuna mata shingayen sojoji ɗaya bayan ɗaya kamar ba ta da ido. A wani shinge soja ya leƙo ya ce mata, "Mama, lafiya dai?" Kafin ta motsa baki na ce lafiya lau, gajiya ce. Wajen Funtua wani dattijo da ke gidan gaba ya juyo ya ce, "Hajiya, da kin bar baiwar Allahn nan ta ɗan runtsa." Na ce Malam ba ka san zancen ba. Ya juya abinsa, bai ƙara kulawa ba.

A Kano muka kwana gidan wata tsohuwar ɗalibata, washegari muka hau jirgi. Da yake na je Hajji, sai na zama malamar jirgi: ga yadda ake ɗaura bel, ga yadda ake buɗe tire. Ni ɗin ce kuma na zubar da shayi a zanen wani Balarabe da ke gefena. Rakiya ta ɗauko hankicinta ta miƙa masa.

A filin jirgin Alƙahira akwai jan layi a ƙasa, kowa shi kaɗai yake tsallakewa ya je gaban mai duba fasfo. Rakiya ta je, mutumin ya nuna mata ta dubi na'urar hoto, ita kuwa kanta a sunkuye. Sai ga ni na tsallake layin na je na ɗaga mata haɓa. Ya nuna mini bayan layi da yatsa, ba ko murmushi. Na koma sumui-sumui. A wurin duba kaya kuma suka buɗe jakata, ƙullin Gwaggo ya yi sallama. Ma'aikacin ya toshe hanci ya kira abokinsa, abokin ya kira wata mace. Larabcina na Islamiyya bai kai ga daddawa ba. Na yi ta nuna baki ina cewa miya, miya, har na gutsura na ci a gabansu. Suka dubi juna, suka ɗaure mini abina suka ce in tafi.

Hauwa'u da mijinta suka tarye mu. Gidansu a hawa na shida yake, na'urar hawan bene kuwa rana ɗaya ta yi aiki, rana biyu ta huta. Ɗaki biyu ne da falo da banɗaki ɗaya ɗan ƙarami. Ni da Rakiya aka ba mu ɗakin yara.

Mutanen can suna da abin mamaki. Mace tana hawa na shida za ta zuro kwando da igiya, mai gurasa ya sa mata, ta ja abinta. Motoci ba sa daina hon, kuma ba mai tsaya maka, sai ka bi gefen wani ɗan gari ku tsallaka tare. Da safe wake suke ci, dafaffe lugub da mai da gurasa, kowace safiya ta Allah. Shayinsu rabin kofi sukari ne. Ranar da maƙwabciyar Hauwa'u ta yi mana girkin baƙi, ta sumbace ni kunci biyu, ta kawo wata koriyar miya mai yauƙi tana ta yabonta. Na ɗanɗana, ashe lalo ne. Lalon da ke fitowa a bayan gidanmu a Bungudu awaki na ci, shi ne abincin girmama baƙo. Na ci dai, kuma gaskiya sun fi mu iya shi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ƙofofi. Kowa ƙofarsa a rufe, wuni guda. Ba mai faɗo maka gida sai ya buga waya. Na ce wa Hauwa'u mutum zai mutu a nan ba a sani ba. Mu a wurinmu mara lafiya ba ya zama shi kaɗai, ɗakinsa ya fi kasuwa cika, kuma da haka muke nuna muna son sa.

Likitar dattijuwa ce mai tabarau da farin mayafi. Hauwa'u ce tafinta. Ta tambayi Rakiya yaya barci, na ce ba ta yi. Yaya abinci, na ce sai an matsa. Me ke zuwa mata a rai in ta zauna, na ce mijinta ne, ai a fili yake. Likitar ta ajiye biro ta ce wa Hauwa'u ta roƙe ni in jira a waje. Ni da na yi shekaru ina korar yara daga aji, yau ni aka kora. Na zauna a benci ina huci.

Suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta a cikin wata na'ura mai ƙara. Da sakamako ya fito aka ce babu ƙari, babu alamar shanyewar jiki. A gaban likitar na juya na ce, "Kin gani ko? Ba abin da ke damunki. Sai ki tashi ki kama harkokinki." Likitar ta tambayi me na ce, Hauwa'u ta fassara tana sunkuyar da kai. Ta ce an ɗauki hoton ne don a tabbatar ba wani ciwon ne ya ɓuya ba, shi ciwon damuwa ba a ganin sa a irin wannan hoton, amma yana nan. Ta rubuta ƙwayoyi. Ta kuma sa Rakiya a wani aji na mata, sau ɗaya a mako har mako takwas, inda ake koya musu zaman tattara hankali. Mako takwas ɗin nan su ne duk abin da muke da shi, don bizarmu ba ta wuce haka da yawa ba.

Hauwa'u ce ke raka ta ajin. Ta ɗauki umarnin malamar da muryarta a waya, da Hausa. Ta kuma same ni a kicin ta ce, "Inna, aikin gida aka ba Umma. Za ta riƙa zama shiru minti ashirin da safe, minti ashirin bayan la'asar. Likita ta ce a bar ta." Na ce to. A raina kuwa na ce, lallai Larabawan nan. Zaman shirun ne ya kawo mu daga Tsafe, shi ne kuma za a rubuta mana a matsayin magani?

Da safe Hauwa'u tana fita kai yara makaranta ta wuce nata karatun, sai ni da Rakiya. Safiyar farko na leƙa na gan ta a bakin gado, ta miƙe baya, hannu a cinya, ido a rufe. A idona Rakiyar Tsafe ce sak. Na shiga da kofin shayi na ce sha da zafinsa. Ta buɗe ido ta ce, "To, Yaya." Washegari na ce ta zura mini zare a allura, idona ba ya gani. Wata rana na ɓare lemo, wata rana na buga wa mutanen gida waya na manna mata a kunne ta gaisa. In dabara ta ƙare sai in zauna kusa da ita in fara, kin tuna shekarar da rafi ya cinye gonar Baba? Ban taɓa barin ta ta kai minti biyar ba. Kuma ina kwanciya da daɗin rai, ina ganin ba wadda ta kai ni iya jinya.

A mako na uku sai ta daina zaman. Na ce alhamdulillahi, na yi nasara. Amma sai wata matsala ta ɓullo: ta shiga banɗaki ta daɗe, da safe da kuma bayan la'asar. Na ce waken nan ne ya ɗaure mata ciki. In na ƙwanƙwasa sai ta yi gyaran murya, ni kuma in koma, tunda ba a magana a banɗaki. Na sa aka sayo tsamiya na jiƙa mata kofi guda kullum. Tana karɓa ta shanye.

A mako na biyar likitar ta ce tana son ganin 'yan uwa. Na ci ado na tafi, na ce yau za a ji daga bakin mai jinya. Muna zama na ce wa Hauwa'u ta faɗa mata maganinsu yana ɗaure ciki, mako biyu ke nan Rakiya na wahala a banɗaki. Likitar ta juya ga Rakiya ta tambaye ta, ta kuma ɗaga mini hannu alamar in dakata.

Rakiya ta daɗe tana murza bakin mayafinta. Sannan ta ce wa 'yarta, a hankali, "Ki ce mata cikina lafiya lau. Bokiti nake kifawa in zauna a kai in yi aikin da aka ba ni. Nan ne kaɗai Yaya ba ta shigowa."

Hauwa'u ta kasa fassarawa. Ni ba na bukatar tafinta. Na ji kamar an tuɓe mini zane a tsakiyar kasuwar Gusau. Matar da ta haura hamsin, wadda carbi ba ya barin hannunta, ta yi mako biyu tana zama a kan bokiti a wurin da ba a ambaton sunan Allah, tana kuma shan tsamiyar da ba ta bukata, duk don kada ta ce wa yayarta ki fita. Na dube ta, ita ce ma take jin kunya, kamar ita ta yi laifin.

Da aka fassara, likitar ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce rashin barin mai wannan ciwo cikin kaɗaici abu ne mai kyau, da yawa suna rasa wanda zai zauna da su. Sannan ta ɗauko wata ƙwaƙwalwa ta roba a kan teburinta ta raba ta biyu.

Ta bi wasu wurare ta tsakiya da yatsa, gaba da baya. Ta ce waɗannan su ke aiki tare in mutum ba ya yin komai, su ke kawo tunanin jiya da na gobe da na ni kaina. Kowa yana da su. Amma ga mai ciwon damuwa sai su ƙi sakin sa, su yi ta dawo da abu ɗaya. Na ce kamar akuya mai tuƙa ke nan. Hauwa'u ta fassara, likitar ta yi dariya ta ce su ma haka suke kwatanta shi. Ta nuna wani ɗan wuri can ciki, bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ta ce wannan ke kaɗa ƙararrawar tsoro, kuma a wannan ciwo yana saurin tashi, yana daɗewa bai kwanta ba. Sai ta dafa goshin robar. Ta ce nan ne mai kamo hankali ya dawo da shi. Abin da ake koya wa Rakiya shi ne ta sa hankalinta a kan numfashinta, in ya gudu ta lura ya gudu, ta dawo da shi ba tare da ta zagi kanta ba. Kowace dawowa motsa wannan wurin ne. Ƙwaƙwalwa kuwa tana canzawa da abin da aka yi ta maimaitawa, yadda hanyar gona ke fitowa in ana bin ta kullum.

Ta ce masu bincike sun ga alamun haka a hotunan mutane da yawa da suka daɗe suna yi: ƙararrawar tana raguwa, tuƙar tana sassautawa. Amma ta ce ba za ta yi mini alkawari a kan mutum ɗaya ba, har yanzu ana kan binciken, akwai ma waɗanda abin ba ya yi musu. Ba ya maye gurbin ƙwaya. Inda aka fi ganin amfaninsa shi ne rage dawowar ciwon bayan an samu sauƙi. Sai dai in ba a yi shi kullum ba, ba abin da zai taru.

Na ce, "Ni dai abin da idona ya gani, zaman Tsafe da wannan duk ɗaya ne."

Ta ce in an kalla daga waje iri ɗaya ne, amma in tambayi mai zaman. Ban taɓa tambayarta ba, shekara biyu. Na juya na ce, "Rakiya, mene ne bambancin?"

Ta ce, "A Tsafe in na zauna, ranar da Malam ya faɗi nake komawa. Da na kira mota da wuri. Da ban bar shi ya tafi Bilbis da zazzaɓi ba. In na kai ƙarshe sai in sake daga farko, har rana ta faɗi. Yanzu ma tana zuwa, Yaya, ba ta daina ba. Amma ina ganin zuwanta. In ce ga ki nan kin zo, in koma kan numfashina. Wani lokaci ta ja ni, wani lokaci ta wuce." Ta ƙara da cewa, "Ko salla yanzu ina sanin raka'ar da nake."

Ban san tana ɗora wa kanta mutuwar Malam Sani ba. Ni da nake amsa mata kowace tambaya, ban sani ba.

Likitar ta ce in gwada minti uku. Na rufe ido ina jin haushi. Numfashi biyu na yi, sai ga ni a Gusau ina tunanin ko an ba kajina ruwa. Na dawo. Sai ga maganar da na yaɓa wa Rakiya a kan takaba, kalma bayan kalma. Na buɗe ido na ce minti ukun sun cika ai. Hauwa'u ta dubi agogo ta ce, "Inna, ɗaya ne da kaɗan."

A cikin tasi na ce, "Rakiya ki yafe mini." Ta ce, "Ba komai, Yaya." Na so a ce ta zage ni.

Mako ukun da suka rage, in lokacinta ya yi sai in fita baranda in ja ƙofa. Ba ƙaramar wahala na sha ba. Ƙafata ta yi ta ƙaiƙayin shiga, in riƙe ƙarfen baranda ina kallon kwandunan mata suna sauka suna hawa. Na lissafa abin da na ɓata mata, mako biyu cur na farko, sauran biyun kuma a kan bokiti, na rasa inda zan sa kaina. Ba zan ce muku ta warke a can ba. Akwai ranakun da ta wuni a kwance. Amma ta fara barci, kuma ranar da maƙwabciya ta sake kawo lalo, da kanta ta miƙa kwano a ƙara mata.

Gine-ginen Fir'auna da kuke ta tambaya, mun je ana jibi za mu taho. Duwatsu ne manya, rana kuma kamar ta Gusau a bazara. Wani mai raƙumi ya bi mu yana ta roƙon in hau a ɗauke ni hoto. Na ce wa Hauwa'u ta faɗa masa daga garin raƙuma na fito, ban zo Masar hawan raƙumi ba. Iyakar abin da zan iya faɗa muku a kansu ke nan.

Muka dawo ta Kano, muka bi ta Funtua, wannan karon har ta yi gyangyaɗi a kafaɗata ban tashe ta ba. Na ce zan yi sati a Tsafe, don na san abin da ke jiranmu. Tun daga ranar farko gida ya cika da 'yan sannu da zuwa. Na naɗa kaina mai gadi. Da an idar da la'asar Rakiya ta shiga ɗaki ta saki labule, ni in shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa. Wadda duk ta zo in ce tana hutawa, a zauna a sha ruwa. Ƙawaye da maƙwabta ba su ba ni wuya ba, tsohuwar shugabar makaranta ce ke magana.

Rana ta huɗu, Rakiya ba ta fi minti biyar da shiga ba, sai na ji sallama da ƙarar sanda. Gwaggo Tumba ce, tun daga Bungudu, mota biyu ta hau da tsufanta. Na durƙusa na gaishe ta.

Ta ce, "Ina ɗiyar tawa? Tashe ta in gan ta, ba ni son yamma ta yi muna a hanya."

Na buɗe baki in ce ta jira, maganar ta ƙi fita. Yaya zan ce wa Gwaggo ta jira? Matar da ta yi mana wankan jariri? Duk alkawarin da na yi wa kaina a barandar Alƙahira ya narke. Na miƙe, na juya, hannuna har ya kama labulen.

Sai muryar Rakiya ta fito daga ciki, ba ƙarfi, ba kuma rawa. "Gwaggo, sannunku da zuwa. Ku yi mini haƙuri, magani nake sha. Saura kwata in fito. Yaya, ki saki labulen."

Na saki. Gwaggo ta dube ni, ta dubi ƙofar, ta ce, "Wane irin magani ne wanga da ake sha kwata guda?" Na ce zama ne, Gwaggo. Ta taɓe baki, amma ta jingina sandarta ta zauna a tabarma. Muka zauna ni da ita, ba mai magana, kaji na ta tone-tone a tsakar gida.

Da Rakiya ta fito ta durƙusa ta gaishe ta. Gwaggo ta kama fuskarta da hannu biyu ta juya ta hagu da dama, ta ce, "Kin yi kumari. To yaya olsar?"

Rakiya ta dube ni. Ba ta san da wannan ƙaryar ba sai a lokacin. Na sunkuyar da kai, na jira abin da na cancanta.

Ta ce, "Ba olsa ba ce, Gwaggo. Ciwon damuwa ne, a ƙwaƙwalwa yake, tun rasuwar Malam. Yaya ta ɓoye ne don ta rufa mini asiri. Ina shan maganin asibiti, ina kuma wannan zaman sau biyu a rana, kuma da sauƙi. Wata biyu Yaya ta bar gidanta ta yi ta ɗawainiya da ni. Ku sa mata albarka."

Gwaggo ta ɗora hannunta a kaina ta yi ta sa mini albarka, doguwa, irin tasu ta tsofaffi. Ni kuwa ina durƙushe ina amin, hawaye na ɗiga a tabarma. Gwaggo ta ɗauka na farin ciki ne. Rakiya ba ta faɗi zancen bokiti ba, kuma na san har abada ba za ta faɗa ba, shi ya sa ni nake faɗa muku.